Takena a Aljihun Wani

Tunkiya ɗaya na kai kasuwar Baleyara. Rana ta take, ina zaune a gindin gawo ina jiran dillali ya gama da wani mai shanu, sai na ji ganga. Ban yi shawara da ƙafafuna ba. Na tsinci kaina a tsaye, igiyar tunkiya a ƙasa, hannuna na dama a sama.

Na duba gabas, na duba yamma, babu makaɗi. Dillalin ne ya sa hannu a aljihu ya ciro salula. Ya danna, ganga ta yi shiru, ya hau magana da Zabarmanci.

Takena ne. Na fi shekara talatin ban ji shi ba.

A ƙasarmu ta Kurfai, idan ɗan kokowa ya kai, makaɗi yakan yi masa take nasa shi kaɗai. Ba a kaɗa shi sai mai shi yana wurin. Kai kuma in ka ji, ko loma ce a bakinka, sai ka tashi. Ganga takan zaga sau uku ta tsaya, ta bar maka gurbi kamar na numfashi huɗu, a nan kake yin kirarinka. Wanda aka kaɗa wa take bai amsa ba ya ci mutuncin makaɗi a gaban jama'a. In mai take ya mutu, bayan an share makoki a kaɗa masa sau ɗaya a ƙofar gida, a rufe. Haka na tarar.

Da dillalin ya gama waya na tambaye shi inda ya samo kiɗan. Ya ce a intanet, kowa ma yana da shi. Na ce masa takena ne. Ya dube ni tun daga takalmi har rawani.

"Tsoho, kai da ko salula ba ka da ita?"

Ban yi fushi ba. So nake in gane. Na ce ya nuna mini. Ya shafa fuskar wayar da yatsa, sai ga wani saurayi da bante yana tsalle a kan rairayi, takena yana tashi a bayansa. Ganga ta zaga sau uku ta tsaya. Saurayin ya buɗe baki ya zuba nasa kirarin a gurbina, har da sunan garinsu. Dillali ya sake shafawa. Wannan karon rago ne mai manyan ƙahoni, mai shi yana yi masa kirari a gurbin. Na uku wata mata ce tana daka, taɓaryarta tana bin ganga. Ita ba ta ce komai a gurbin ba, tafi kawai ta yi. Cikin su ukun ita ta fi sanin kiɗan.

Na sayar da tunkiya yadda aka taya. Na hau motar Filinge na koma gida.

Wanda ya yi mini taken sa'ana ne, ɗan gidan makaɗa, garinsu yana arewa da namu, tafiyar hantsi a ƙasa. Ya yi shi ne kakar da ta biyo bayan babbar yunwa. A shekarar yunwar mun ci anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su shiga baki. Na rufe ƴaƴa biyu a shekarar. Da damina ta yi kyau aka sake share filin kokowa, na shiga da haƙarƙarina a waje, na ka da mutum huɗu a yini ɗaya. Ba ƙarfi ba ne. Ba ni da abin da zan yi asara ne. Washegari ya zo ƙofar gidanmu da ganga, ya ce in saurara. Daga ranar inda na sa ƙafa yana bayana: Damana, Sanam, ƙauyukan da na manta sunansu. Da gwiwa ta ƙi, na kwance ɗamarar layuna na ba shi. Na tafi cin rani Kurmi, na ɗauki kaya a ka, na dawo, na yi noma, na tsufa. Muna haɗuwa wurin suna da jana'iza. Bai sake kaɗa mini ba, ni ma ban roƙa ba.

Kwana biyu bayan kasuwa na ɗaura wa jaki akumari na tafi wurinsa. Niyyata ɗaya ce: a cire.

Na san ciwon shanyewar jiki ya kama shi bara, amma ban san ya kai haka ba. Yana zaune a kan tabarma, an jingina shi da bangon rumbu. Hannun dama, wanda yake riƙe gula ya bugi fata, yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Bakin ya ɗan karkace, amma harshen yana nan.

"Wa nika gani? Ragon Kurfai ne bisa jaki? Da can mutane kaka hawa."

Na ce maroƙi ba ya mutuwa sai bakinsa ya riga shi. Muka gaisa. Ya tambayi gero, na tambayi jiki. Ɗiyarsa ta fari ta kawo fura. Mata ce babba, tana da shagon ɗinki a Yamai, babban birni, ta zo jinyarsa. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗi abin da na ji a Baleyara.

Ita ta amsa. Ta ce ita ce ta ɗauka, ita ta sa. Wata uku kafin ciwon ta lura gula tana kuɓuce masa, sai ta roƙe shi ya kaɗa mata takokin da ya sani ta adana. Ya ƙi. Ya ce duk masu su sun mutu, an rufe, ba ya tone kabari. Ɗaya kawai ya rage a buɗe. Ta ce to ya kaɗa wannan. Ya ce mai shi ba ya nan. Ya yi kwana uku yana juya maganar. A na huɗu ya sa aka ciro ɗamarata daga cikin tukunyar da yake ajiyarta, ya shimfiɗa a kan tabarma, ya ce ga mai shi nan. Ya kaɗa. Shi ne kiɗansa na ƙarshe.

Na dube shi. Ya ɗauke kai yana kallon kaji.

Na yi mata tambayoyi da yawa, ta yi haƙuri da ni. Na ce in an kashe waya, ina kiɗan yake kwana? Ta ce a wasu manyan injuna a wata ƙasa. Na ce wa ke gadinsu? Ta ce ba ta san shi ba. Na ce shi ya san taken wane ne? Ta yi dariya, ta ce bai ma san akwai Filinge ba. Na ce mutum nawa suka ji? Ta nuna mini lamba. Ni ban yi lakkwal ba, ban san rubutun boko ba, na ce ta faɗa mini da Hausa. Ta ce in tara mutanen kasuwar Baleyara na ranar da ta fi cika, in ƙara wasu kamarsu, har yanzu ban kai ba.

Wannan ce ta tsaya mini. Duk waɗannan lokutan an kaɗa, ganga ta tsaya ta jira, ni ina gona ko ina barci. Ban amsa ko sau ɗaya ba. Mutumin da ya bi ni da ganga shekara goma da wani abu, na bar shi yana kira a gaban duniya, rago yana amsa masa.

Ta ce abu uku take iyawa. Ta bar shi a buɗe. Ta goge shi. Ko ta kulle, sai wanda ta ba mabuɗi zai ji. Amma ta ce in sani, waɗanda suka riga suka kwafa sun kwafa, geron da kaji suka tsattsage ba ya komawa rumbu. Mijinta yana ganin a kulle. Ya ce mawaƙan Yamai da yawa haka suke yi yanzu, don mutane suna kwasar waƙa kamar ruwan tabki, ko goro ba wanda ya aiko wa tsohon. Ita kuma tana ganin kiɗan da aka kulle bai da bambanci da gangar da ke rataye a ɗaki. Ta karanta mini saƙonni. Wani daga Libiya ya ce ya ji ya tuna da tsohonsa, ya kasa cin abinci. Wani daga Kurmi ya ce da shi yake tashi aiki. Wani ya ce kiɗan garinsu ne, ya ambaci garin da ban taɓa jin sunansa ba, wasu suka taso masa.

Na juya wurin tsohon na ce shi mi ya gani.

"Kai ad da take," ya ce. "Ni hannu gare ni, hannun ko ya tafi. Abin da ka ce shi za a yi."

Na san shi. Da yana so a goge, da ya faɗa tun ban sauka daga jaki ba.

Na ce ta sa mini shi sau ɗaya in ji da kyau, ba cikin hayaniyar kasuwa ba, sannan ta goge. Ta ajiye wayar a kan turmi ta danna.

Hannunsa ne, babu shakka. Akwai wata ƴar gardama da yake sawa a zagaye na biyu, kamar ganga za ta yi tuntuɓe sai ta miƙe. Ba wanda yake yin ta sai shi. Ina saurare sai na ga yatsunsa na hagu, masu rai, suna tafiya a kan gwiwarsa, suna danne fatar da babu. Kafaɗar dama tana ƙoƙarin ɗagawa, hannun bai bi ta ba. Zagaye na uku ya ƙare. Ganga ta tsaya. Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake yi mini a bakin fili.

Gwiwoyina suka yi ƙara, amma na tashi. Na ɗaga hannu. Muryar da ta fito ba ita na sani ba, ta tsohon zakara ce.

"Ni ne anza, ba a cin ni ranar da aka tsinko ni. Yunwa ta tauna ta tofar. Wanda ya ɗanɗana ya je ya kurkure baki."

Ganga ta ɗauka daga inda na tsaya, daidai. Ɗiyar ta sa bakin zanenta a fuska. Tsohon ya share gefen bakinsa da hannun hagu.

"Ka makara da numfashi guda," ya ce. "Kamar kullum."

Na zauna na sha sauran furar. Sannan na tambaye ta ko wayar tana iya ɗaukar muryar mutum ta ɗora a kan kiɗan da ke ciki. Ta ce sai da waya biyu, ɗaya tana kaɗawa ɗaya tana ɗauka. Ta aro ta maƙwabciya. Na ce to ga hukuncina: kiɗan nan mai gurbin da kowa ke zuba abin da ya ga dama, ta rufe shi. Ta sa wani wanda aka amsa. A farkonsa tsohon ya faɗa da bakinsa cewa shi ya yi, kuma mai shi yana da rai. Wannan ta bar shi a buɗe, wanda ya so ya ji.

Sau huɗu muka yi. Na farko jakina ya yi kuka. Na biyu na yi tari. Na uku tsohon ya ce na yi sauri, ba tsere ake ba. Na huɗu ya gyaɗa kai.

Da zan tafi ta raka ni bakin zaure. Ta tambaye ni a hankali, idan ta Allah ta kasance gare ni, yaya za ta yi da shi, tunda al'ada rufewa ce. Na ce ta zo ƙofar gidana ta sa sau ɗaya. Bayan nan ta yi abin da ta gani, ba zan tashi in yi gardama ba.

Tsohon kwafin bai mutu ba. Har yanzu ana ce mini an ga wani yana kirari a kansa, kuma na ji ragon nan ya yi kuɗi. Ban san ko abin da na yi ya gyara wani abu a wajen duniya ba. Har yau kuma ban gane yadda ganga take kwana a ƙasar da ba a san ta ba, ta tashi a aljihun mutum a Baleyara.

Bayan kaka na koma kasuwar da akuya. Dillalin nan ya hango ni, ya taho yana dariya yana cewa ashe da gaske nake. Ya canza nasa zuwa sabon. Muna cikin ciniki aka kira shi. Ganga ta tashi a aljihunsa, ƙafafuna suka motsa. Na ce masa kada ya ɗauka tukuna. Ta zaga sau uku ta tsaya, tsohon zakara ya amsa daga cikin aljihu, a makare da numfashi guda.

Na gyara zama na riƙe igiyar akuyata. Na ce yanzu ya ɗauka.