Kwabban Baba da Aka Wanke da Toka

Da azumin da ya wuce Baba ya cika shekara tara a ƙasa. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Na so a ce addu'a zalla zan rubuta bana, amma raina a ɓace yake, kuma duk wanda ya san Malam Garba mai agogo ya san bai koya wa 'ya'yansa haɗiye magana ba.

Mutumin Zariya ne. Ya zo Abuja tun rabinta daji ne, ya kafa teburin gyaran agogo a bakin kasuwa, daga baya muka tare a Kurudu. Da agogo ya ciyar da mu, amma zuciyarsa tana wajen tsofaffin kuɗi: anini, kwabo mai huji, sisi, sule, da takardun fam na kafin naira. Masu tara irin waɗannan kaya sukan zo takanas ya duba musu. Sai ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido, ya riƙe kwabo ta gefe kamar mai riƙe ƙwai, ya nemi shekararsa, ya nemi ɗan mitsitsin harafin da ke nuna gidan da aka buga shi. Sannan ya faɗi gaskiya ko ba daɗi. Mutane da yawa sun zo da murna sun koma suna zumɓura baki, don yakan ce tsufa kaɗai ba ya sa kwabo tsada.

Nasa na kansa suna cikin wani akwatin ƙarfe. Kowane ɗaya a naɗe yake cikin 'yar takarda, ya rubuta da ajami shekararsa, da inda ya same shi, da hannun wanda ya fito. Dokarsa ɗaya ce, ba a wanke tsohon kuɗi. Duhun da shekaru suka shafa masa shi ne shaidar cewa na gaske ne. Mun ji wannan magana har ta ishe mu, ashe ta kunne ɗaya take shiga ta fita ta ɗaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Yanzu kowa masani ne, muddin yana da waya. Yau a ce kwabo mai huji yana jan shinkafa, gobe a ce akwai wani sinadari a cikinsa da Turawa ke saye da miliyoyi. Manyan mutane da gemunsu suna birkice adakar kakanninsu saboda wani yaro ya yi bidiyo. Na san Baba tsaki kawai zai ja ya ci gaba da kwance agogonsa. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Wannan zazzaɓi ne ya kama ƙanena Nasiru, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Lokacin rabon gado mun yarda akwatin ya zauna a wajena ba a taɓa ba. Watanni uku da suka wuce ya zo ya ce in ba shi ya kai a duba. Na ba shi, bisa sharaɗin mu je tare wajen Baba Danladi a Mpape. Baba Danladi mutumin Gbagyi ne, tsohon mai fasa dutse, wanda ya shekara ashirin yana zama a gefen teburin mahaifinmu yana kallo yana tambaya har ya iya aikin. Nasiru ya ce in bar masa akwatin kwana biyu ya kimtsa kayan. Ban tambaye shi wane irin kimtsawa ba, kuma wannan laifina ne.

Ranar da muka hau tudun Mpape, Nasiru ya buɗe akwatin yana murmushi. Kwabban suna ta walƙiya sai ka ce kwanonin amarya. Ya sa matarsa ta dirje su da toka da lemon tsami, yadda ake wa tukunya, don a ganinsa mai saye ya fi son abu mai ƙyalli. Takardun fam kuwa ya bi su da dutsen guga har sun yi ƙarau. Baba Danladi ya ɗauki wani kwabo mai ɗauke da sunan sarkin Ingilan nan da bai shekara a kan gadon sarauta ba, ya juya shi.

"Nasiru, kai ne ka yi wannan aiki? Kai! Ka kashe kaya. Yanzu ko ni ba zan iya rantsuwa orijina ne ba. To ina takarda da oga, babanku, yake rubutawa? Kawo shi, shi ne zai cece mu."

Nasiru ya sosa ƙeya. "Ai Baba, duk sun tsufa sun yi ja. Da yake babu wutar lantarki, da su na hura gawayin gugar."

Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Garin neman gira an rasa ido. Aikin shekara arba'in, rubutun hannun mahaifinmu, ya tafi a hura gawayi don a goge abin da bai kamata a goge ba. Na zazzage Nasiru tun daga Mpape har Kurudu, kuma har yau ban gama ba. Amma idan na natsu nakan ga cewa ni ma ban fi shi ba. Shekara tara akwatin yana ƙarƙashin gadona, na iya karatun ajami, ban taɓa warware takarda ɗaya na karanta ba. Shi rashin sani ya kai shi, ni kuwa na sani na yi sakaci.

To me ya rage na Baba? Ba a gidanmu yake ba. Yana cikin kan wani tsoho a Mpape wanda ba su haɗa jini ba, ba su haɗa addini ba, amma ya saurara lokacin da mu muke hamma. Kowace Asabar nakan ɗauki akwatin da littafi in hau tudun nan. Baba Danladi ya ɗauki kwabo ya duba, ya ce wannan daga hannun wata tsohuwa mai sayar da doya ya fito, wancan a rushewar wani gida aka tono shi, ni kuma ina rubutawa. Ba mai sayen su yanzu da wata daraja, na sani. Sunayensu nake so in mayar musu kafin tsohon ya gaza, kuma idonsa ya fara rauni.

Asabar ɗin da ta wuce ya riƙe wani anini ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Mahaifinku ya fi son wannan a kan duka, ya ba ni labarinsa ya fi sau goma." Na ɗaga biro ina jira. Ya rufe ido, ya buɗe, ya girgiza kai.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Labarin ya tafi."

Na bar layin babu komai, muka ɗauko na gaba.