Matar da Ta Taɓa Tabon Yayata

A layin da nake tsayawa da babur, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule, akwai wani ɗan shago mai ƙofar gilashi, faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Mai shagon, kwalliya take yi wa mata. Kowa Anti Sai-An-Wanke yake ce mata, don duk wadda ta faɗo a gaggauce ta ce a ɗan shafa mata hoda tana sauri, amsar ɗaya ce: sai an wanke. Ko da mota na jira a waje injin a kunne.

Gajera ce, ta haura hamsin, ita kanta ba ta shafa komai in ban da mai. A da dariya nake mata. Nakan ce wa mai gyaran waya matar nan wanki ta iya, kwalliyar tsintuwa ce. Abin da ya rufe min baki, a kan Yayata ya faru.

Yaya malamar firamare ce, shekara goma sha ɗaya tana riƙe da aji huɗu. Wata safiya tana suya, kasko ya suɓuce mata, tafasasshen mai ya watso mata a gefen hagu, daga kunci har ƙasan haɓa. Ciwo ya warke, amma ya bar tabo. Wani wurin fari-fari, wani ya yi duhu, fatar ta tattare tana sheƙi. Yaya ta juya madubinta ya fuskanci bango, ta daina fita ko ƙofar gida. Wata bakwai a haka. Makaranta ta yi haƙuri har ta gaji, ran Laraba shugabar ta aiko da takarda: in Yaya ba ta shiga aji ran Litinin ba, za a ba wata ajin, aikin ya tafi ke nan.

Ni kuwa Allah ya yi ni da kan da ba ya zama wuri ɗaya. Na ajiye boko a aji uku na sakandare, na taɓa kanikanci, na yi fenti wata biyar, yanzu babur nake ja. Sai na ce wa Innarmu ta kwantar da hankalinta, tabo ai kamar tsagar bango ne, a lulluɓe a wuce wurin. Na shiga kasuwa na sayo hodar ruwa, wadda 'yan mata ke cewa fandeshan, na zaɓi mafi kauri. Na yi ta yi wa Yaya surutu da barkwanci har ta zauna. Da yatsa na laɓta mata, hawa uku, a kan busasshiyar fata, ina fito.

Ba a yi rabin awa ba abin ya bushe ya tsattsage. Ya shige kowane lungu na tabon ya fito da shi ɓaro-ɓaro, fiye da yadda yake. Ƙaiƙayi ya kama ta, ta goge da tsumma, wurin ya yi jawur. Ta dubi kanta a gilashin wayata. Da ma zagina ta yi. Cewa kawai ta yi, "Na gode, Auta," ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Washegari Juma'a na je shagon Anti da kwalbar a aljihu, kaina a ƙasa. Ba ta yi min faɗa ba, tambayoyi ta jera min: yaushe ciwon ya rufe, likita ya ce a shafa mai ko bai ce ba, wurin yana ruwa ko ba ya yi. Ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta jefa a kwandon shara.

"Da kake fenti, haka kake yi? Bango da ƙurarsa ka hau shafawa?"

"Shi ya sa aka kore ni, Anti."

Ta kulle shagon da rana tsaka, ga mata biyu suna zuwa, ta ba su haƙuri, ta hau bayan babur ɗina da wata 'yar jaka. A hanya na fara jin wace ce ita. Ashe shekara goma sha shida ta yi a asibiti, ɗakin masu ƙuna. Ba nas ba ce, ba ta da takarda ko ɗaya. Ita ce mai canza zanen gado, mai riƙe wa nas tire, mai goge wa majinyata jiki. Ta ce abin da ya fi tsaya mata a rai ba ihun wankin ciwo ba ne, ranar sallama ce. Sai ka ga mutum ya warke, an ba shi takardarsa, ya zo bakin ƙofa ya tsaya cak, ya kasa fita cikin mutane. Da bayanta ya gaza ɗaga majinyata ta bar aikin, ta je ta durƙusa wa wata yarinya sa'ar 'yarta ta koyi kwalliya. Amare da 'yan ofis su ke ciyar da shagon, in ji ta, amma ba don su ta buɗe shi ba.

Da muka isa, Yaya ta rufe rabin fuskarta da gyale. Anti ta gaishe ta da "Malama", ta nemi ruwa mai ɗumi, ta wanke hannunta har gwiwa, ta murza tafukanta suka yi ɗumi. Sannan ta ce, "Malama, zan taɓa."

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Wata bakwai, in ka cire likita da ni da na yi ɓarna, ba wanda ya taɓa wurin nan. Ko Inna kanta gefe take kallo in tana mata magana. Matar nan ta ɗora tafin hannunta gaba ɗaya a kan tabon, ta bar shi a wurin, ta lumshe ido kamar mai sauraron wani abu daga ciki. Na ga kafaɗun Yaya suna sauka a hankali. Anti ta ce fatar ba ta mutu ba, ƙishi take ji, kuma ranta a ɓace yake saboda aikin Malam Fenti. Yaya ta yi ɗan murmushi, na farko tun ban san yaushe ba.

Ran nan ba ta shafa kwalliya ko ɗigo ba. Na ce Anti, kwana uku fa ya rage. Ta ce ta iya ƙirga. Ta wanke fuskar da wani sabulun ruwa marar ƙamshi, da kan yatsu, kamar mai wanke ƙwai. Ba ta goge ba, danna tawul ta riƙa yi har ruwan ya tsane. Ta shafa mai. Sai ta ɗiga kayan shafa iri uku a bayan kunnen Yaya, kowanne da wurinsa, ta ce kada a wanke sai ta dawo, fatar ce za ta zaɓi wanda take so.

Ran Asabar kuwa ɗaya daga cikin ukun ya yi ja. Ta mayar da kwalbarsa jaka. A ranar na ga aikin daga farko har ƙarshe, ina duba agogo. Wanki. Tsanewa. Mai mai laushi tun fatar tana da damshi, tana murzawa a kewaye, tana bin kowace tattara har sheƙin nan ya kwanta. Sai ta naɗe hannu ta zauna. Na tambaya me ake jira, ta ce ana jira fata ta sha. Can ta taɓa da bayan yatsa, ta ga bai manne ba, ta shafa man kare rana, don sabuwar fata ba ta jure rana. Aka sake zama. Sannan wani mai kamar ruwa, wanda ta ce shi ne shimfiɗar da hoda za ta kwanta a kai. Minti arba'in cif, ba a buɗe hoda ba.

Kwalliyar kanta minti goma ta ci. Ɗan ja-ja a wuraren da suka yi duhu, ɗan ruwan ƙasa a wuraren da suka yi fari, da jiƙaƙƙen soso, tana dannawa ba ta ja. Abin da ta yi amfani da shi duka bai kai ƙwayar wake ba. Wallahi da idona na ga fuskar Yayata tana dawowa kaɗan-kaɗan, har na manta da bakina a buɗe. Inna ta sa gefen zane a ido ta fita.

Yaya da kanta ta juyo da madubin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna inda fatar ta ɗan tasa, ta ce a ƙara, a ƙara har ya ɓace.

"Ba zai ɓace ba, Malama," in ji Anti. "In na ƙara, kafin ƙarfe goma ya tsage a gaban yara. Wanda ya matso kusa zai gani. Amma za ki yi dariya, za ki yi gumi, za ki yi faɗa, ba abin da zai motsa."

Ran Lahadi Anti ta sa hannuwanta a baya, ta ce ita ba za ta bi ta makaranta kullum ba. Yaya ta yi komai da kanta. Ta so ta tsallake jiran nan, Anti ta yi gyaran murya, Yaya ta koma ta zauna kamar ɗaliba. Sai da ta yi sau biyu, aka wanke, aka sake.

Litinin da safe na ji ƙarar ruwa a ɗakinta tun kafin in tashi. Ta fito da jakarta, gyalen a kafaɗa, ba a fuska ba. Na ja babur a hankali yadda ban taɓa yi ba. A ƙofar makaranta ta ƙi sauka. Ta riƙe bayan rigata tamau. Yara suna ta wucewa, wasu suna waige. Aka kaɗa ƙararrawa, ta saki rigar, ta sauka.

Ajinta yana kusa da katanga, na miƙe a kan babur na leƙa ta taga. Yaran sun miƙe tsaye gaba ɗaya. Ta ajiye jaka, ta tsaya a gaban allo, hasken safiya a kan kuncinta na hagu, ta buɗe rajista. Sai ta ɗago ta hango kaina a saman katanga. Ta ɗaure fuska, ta yi min da hannu yadda ake korar akuya daga bakin shanya.