Amsar Da Ake Jira

A gidanmu na Gure, sauraron tatsuniya aiki ne. Lokacin sanyi, da an gama cin tuwo bayan magariba, sai mu kewaye murhun Kaka Fanna, mahaifiyar babanmu. Da ƙafa take tura ƙirare a wuta, don hannunta na kan saƙar tabarmar kaba. Yaran maƙwabta ba su cika zuwa ba, wai tsohuwar nan wahalar da mutum take yi. Da gaskiyarsu, domin Kaka ba ta taɓa ƙarasa labari da bakinta ba.

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta akuya. Wai wata akuya mai kwaɗayi ta tsallake shinge ta shiga lambu a kwari, ta ci ganyen rogo ta ƙoshi, garin gudu ta faɗa rijiya. Ruwan bai kai mata wuya ba, amma ashe kura ta riga ta faɗawa tun jiya, ga ta can gefe da yunwa. Nan Kaka ta yanke labarin, ta ci gaba da saƙarta.

"To, ku fid da ita," in ji ta.

"Kaka, ki ƙarasa mana."

"Ni na jefa ta, ku za ku fid da ita. In kun kasa, nan za ta kwana."

Yayana ya ce akuyar ta yi kuka mai lambu ya zo. Kaka ta ce da sanda zai zo, rogonsa ta ci. Na ce ta taka bayan kura ta yi tsalle. "Ke, kura kujera ce?" Aka yi ta yi mini dariya har na yi fushi. Kwana uku akuyar nan na cikin rijiya, ko ɗiban ruwa na je sai na leƙa ina tausayinta.

A dare na huɗu Amsatu ta buɗe baki. Ƙanwata ce mai in'ina, ba mai jiran ta gama magana a gidan. Kaka ta ajiye kaba, ta harare mu duka, muka zauna tsit har Amsatu ta kai ƙarshe. Ta ce akuya ta gaya wa kura: in kin cinye ni, wa zai yi kuka? Kukan akuya igiya yake kawowa, naki kuwa mashi. Ki nutse ki ɓuya, in na fita na turo miki igiya.

"Sandar mai lambu fa?" in ji Kaka.

"Ta, ta sha dukan. Ai ta ci rogo."

Kaka ta yi dariya har da tari, ta ce akuya ta fita.

Yau ni ce gaban yara, malamar kwantiragi a wata lakwal, wato makarantar boko, wajen garin Gamu. Da aka kai mu horo a kan koyarwar da yaro ke nemo amsa da kansa, murna na yi, na ce ai aikin Kaka ne aka yi wa sunan boko. Aka ba mu tablet da shafin intanet cike da darussa. Duk Lahadi nakan hau tudun rairayin bayan gari, inda reso, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, in sauke na mako. Darussan suna da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai dai kowace tambaya an yanka mata mintinta, a gefenta kuma an rubuta amsar da ake jira.

Ranar da mai duba malamai ya zo, darasin ruwa nake yi. Ya zauna bayan aji da darasin a wayarsa, yana kallon agogo. Rahotonsa ne zai sa a sabunta mini kwantiragi ko a sallame ni. Na tambaya ina muke samun ruwa. Amsar da ake jira: famfo. Garin nan kuwa ko famfo ɗaya babu.

Wata yarinya, Gaji, da ba ta taɓa magana a aji ba, ta ɗaga hannu. Ta fara da Faransanci, ya ƙare mata, ta koma Hausa, tana bayanin yadda babanta ke duba inda goruba ta yi kore kafin ya haƙa rijiya. Kowa a ajin na saurare. Na san abin da ya kamata in yi, tun ina ƙarama na koye shi: in ajiye allin hannuna in jira. Na dubi bayan aji, mutumin ya dubi agogo.

"Zauna," na ce. "Wa zai ba ni amsa?"

Wani ya ce famfo, na sa aka tafa masa.

An sabunta kwantiragina, har aka yaba mini da iya sa yara magana. Kunyar rahoton nan nake ji, ban nuna wa kowa a gida ba. Tun daga ranar, duk tambayar da zan yi sai na fara duban wajen Gaji, in ja lokaci, in jira. Takan dube ni da ladabi, hannayenta biyu a ƙarƙashin tebur.