Littafin da Na Sayo wa Fursunoni a Shinkafi

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da muka buɗe karatun fursunoni ba. Shekarar da Shari'a ta shigo Zamfara ce, ina gandiroba mai igiya biyu, ina jiran ta uku. Umarni ya zo cewa a riƙa yi wa ɗaurarru karatu bayan la'asar. Babban gandirobanmu, wanda muke kira Cif, ya ɗora mini neman littafi, ya ce idan abin ya yi kyau zai tura sunana sama.

Na tafi kasuwar Shinkafi wurin wani mai sayar da turare da casbi. Na ga littafi na Larabci, da hoton masallacin Ƙudus a bangonsa. Ni karatun allo na yi, ina haɗa baƙi amma ban san ma'ana ba. A wurinmu kuwa duk abin da aka rubuta da Larabci na addini ne. Sai da na yi alwala na ɗauke shi.

Akwai wani Malam Sanusi na Zurmi da ke tsare kan rigimar iyakar gona, ya yi Larabci mai zurfi. Shi na ba ya fassara. Ya buɗe, ya dube ni.

"Kofur, ka san abin da ke cikin wanga littahi?"

"Malam, karanta kawai. Oga na jira."

Aka shimfiɗa tabarmi, aka ajiye wa Cif kujera a gaba. Malam ya ce marubucin Bafalasɗine ne, an kama shi yana saurayi aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A kurkuku ya koyi rubutu, a takardar sigari yake yi, waɗanda aka sallama su fita da ita a ɗinke cikin riga. Malam ya karanta yadda mahaifiyar marubucin ke tashi tun asuba ta zo ganinsa. Har Cif ma yana girgiza kai.

Sai aka shiga babin wani mai gadi. Duk abincin da aka kawo wa ɗaurarre daga gida sai ya ce zai bincika, ya bincika naman, ya bincika romon, ya miƙa kwano ba komai a ciki.

Ga waɗanda ba su sani ba, ƙa'ida ita ce wanda ya kawo abinci shi zai ɗanɗana a gabanmu, don gudun guba. Cif ya daɗe da karɓar wannan aiki da kansa.

Wani tsoho cikin ɗaurarrun, ɗan garin Dauran, ya ce, "Malam, shi wanga mai gadi, yana da tumbi?"

Dariya ta ɓarke. Cif ya miƙe. "Ƙarya kake, Sanusi. Kai ka shirya shi."

"Ranka shi daɗe, ga layin nan. A kai wa alƙali shi duba."

Cif bai so maganar ta je wurin alƙali ba. Ya jefo mini ashana ya ce in ƙone littafin. Na ce, "Oga, da masallacin Ƙudus a jikinsa?" Ya amshe ashanar ya miƙa wa wani gandiroban, shi ma ya ja da baya. Cif ya karɓi littafin da kansa, ya dubi bangon, ya mayar da ashanar aljihu.

Sunana bai tafi ko'ina ba, na ƙara shekaru da igiya biyu. Na ji haushin mutumin nan na Falasɗinu ƙwarai a lokacin, Allah ya yafe mini, alhali ni ma na sha lasar cokali a bakin ƙofa. Karatu dai ya ci gaba har aka sauke littafin. Cif ya daina zama, amma duk Lahadi sai ya kira ni gefe ya tambaya ko mai gadin ya sake fitowa a littafin.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, a makarantar horo za a ce muku ku sa wa ɗaurarre ido. Ba wanda zai gaya muku cewa shi ba shi da wani aiki daga safe zuwa dare sai kallonku, kuma a cikinsu akwai mai alƙalami.