Keken Kayan da Ya Ci Mana 'Yan Tsaki a Kakuri

Asubar Asabar ɗin nan da ta wuce muka tashi daga unguwar Television a nan Kaduna, ni da babbar yayata, muka nufi unguwar Nasarawa ɗauko 'yan tsaki. Na san wasunku za su yi dariya su ce daga Television zuwa Nasarawa ma har tafiya ce? To ku bari in gama. Na je Legas a motar dare, ban dawo da ɓacin ran da na dawo da shi ranar ba.

Yayata ba mai kuɗi ba ce. Mijinta ya yi aikin masaƙa har aka rufe ta, bara kuma ya rasu. Firizarta ta sayar, tunda dai babu wutar da za a kunna ta, ta haɗa da abin da ta tara, ta yi odar 'yan tsakin nan don ta fara kiwo a bayan gida. Ba ta da wani jari bayan su. Tun daren Juma'a ta share ɗakin da za ta zuba su, ta baza dusar katako, ta dama ruwan gulukos ta ajiye.

Mai keken kayan da muka ɗauka ɗan cocinmu ne, matashi ɗan Filato, mai fara'a da yawan gaisuwa. Kekensa irin mai bodin nan ne da ake ɗaukar siminti da buhunan masara. Muka ɗare baya a kan benci muka kama hanya. Tun kafin mu yi nisa na lura da wata ɗabi'arsa: da mun zo gangara sai ya kashe inji, mu sulale shiru, in mun kusa ƙasa ya jefa giya keken ya yi tari ya tashi. Na ce masa mene ne haka? Ya yi dariya ya ce, “Oga, mai ne. Kowa haka yake yi yanzu.”

Kakuri da sassafe tana da nata kyau, in ka kawar da kai daga ramukan hanya. Tsofaffin gine-ginen masaƙu na nan tsaye, ciyawa ta fito a kan rufinsu, masu shayi sun jera tebura a ƙofar da dā ma'aikata ke tururuwa. Yayata ba ta ko kalli wajen ba. Muka tsaya na saya mana koko da ƙosai. Ƙosan yanzu sai ka sa tabarau kafin ka gan shi, kuɗinsa kuwa bai rame ba ko kaɗan.

A Nasarawa muka tarar motar da ke kawo 'yan tsakin daga Ibadan ba ta iso ba. Haka muka zauna da sauran masu jira, yawancinsu mata da 'yan fansho, kowa na ba kowa shawarar magani da abinci. Sai da rana ta ɗaga sosai motar ta shigo. Aka miƙo mana kwalaye masu huji-huji, ciki sai cuwi-cuwi. Yayata ta buɗe ɗaya tana murmushi, rabon da in ga haƙoranta haka tun kafin rasuwar mijinta. Mai shagon da ta yi odar a wurinsa ya ce mata, “Mama, kada ku tsaya ko'ina. Zafi da firgita ne ke kashe su.” Muka loda buhunan abincinsu, muka ɗora kwalayen a sama, muka juyo.

A wata 'yar gangara cikin Kakuri mutumin ya sake kashe inji. Da ya jefa giya, sai salansa, wato bututun hayaƙi, ta buga wata ƙara kamar ta bindiga, tau! Wanda ya san Kaduna ya san abin da irin wannan ƙara ke yi wa mutane. Mai lemo ta bar tirenta, wani mai shago ya fara jan ƙofa, 'yan acaɓa suka juya kan babura. Sai da suka ga hayaƙi na fita daga ƙarƙashinmu aka fara dawowa ana dariya. Keke kuwa ya mutu murus a tsakiyar rana, babu ko inuwar falwaya.

Nan fa masana suka taru. Ɗaya ya ce fulogi ne. Aka kwance shi, aka goge, aka kara a jikin inji aka ga yana ba da wuta, aka mayar. Aka murza makulli, tau! Wani ya ce man bakin hanya ne mai ruwa, aka zare tiyo aka tsiyaya a tafin hannu, aka shinshina, mai lafiya lau. Wani ya rantse batir ne. Wani dattijo ya ce a tura kawai. Muka tura har rigata ta manne a bayana, ya yi kamar zai kama, ya sake bugawa ya yi shiru. Mai keken yana tsaye, duk abin da aka ce sai ya gyaɗa kai ya ce, “Ƙila shi ne. Yanzu zai tashi, Oga.” Wannan “yanzu” ɗin ita ta hana ni neman wani keken da wuri. Da na tashi nema, masu ɗaukar fasinja duk a cike suke wucewa.

Duk bugun da salansa ta yi, 'yan tsakin sai su ruga kusurwar kwali su hau kan juna. Yayata ta sauko da kwalayen ta jera a gefen kwata, ta kwance mayafinta ta yi musu rumfa da hannu ɗaya, ɗayan tana musu fifita da marfin kwali. Kukan da ya cika mana kunne a Nasarawa ya fara raguwa. Ta sa hannu ta zaro ɗaya, wuyansa ya langaɓe. Ta ajiye shi a gefe, ta zaro wani. Ba ta zagi kowa ba. Ta ɗaga kai ta dubi mai keken ta ce, “Ɗana, in akwai abin da ka sani, ka yi don Allah. Su ke nan gare ni.”

Sai na ga ya sunkuyar da kai. Ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan sukuddireba, ya tsuguna, ya sassauta wata 'yar ƙusa a jikin kafireto, wato wurin da mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Ya murza makulli. Keke ya tashi lafiya lau, ko tari bai yi ba.

Jama'a, ya sani! Tun bugun farko ya sani. Da na tsare shi, ya ce ai makanike ya kai wa aka matse ƙusar don keken ya rage shan mai, man da ke shiga ya yi kaɗan shi ya sa yake bugawa yana ƙin tashi. Yana tsoron in ya taɓa ba zai iya mayar da ita daidai ba, sai ya tsaya yana fatan turi zai tashe shi. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, har yayata ta ce in bari, mu tafi da waɗanda suka rage.

Na san mai ya yi tsada. Na san abin da masu keke ke sha kafin su kai wani abu gida. Amma ka tsaya kana kallon gwauruwa tana tsince jarinta ɗaya bayan ɗaya a bakin kwata, maganin yana aljihunka, wannan ba talauci ba ne, kuma kada wanda ya zo min da wannan bayanin.

Mun iso Television da azahar. Muka juye kwalayen a ɗakin, yayata tana tsoma bakin kowane a ruwan gulukos. Da yawa sun farfaɗo, mun gode Allah. Waɗanda ba su tashi ba sun cika tsohon bokitin fenti, ni na haƙa rami a bayan gida na rufe su don kada ta gani. Ta biya mai keken cif, har da ruwan sanyi ta ba shi, ni ko kallonsa ban yi ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. In za ka ɗauki kaya mai rai, tambayi mai keke tun a gida ko an matse masa mai, kuma kada ka yarda ya kashe inji a gangara. In abin hawa ya mutu, ka bar masu ba da shawara, ka dubi mai shi da ke tsaye yana gyaɗa kai.

Da na fito wanke hannu, na hango shi a ƙofar gida bai tafi ba. Na ɗauka kunya ce ta riƙe shi, zai shigo ya ba ta haƙuri. Ashe a tsugune yake da sukuddirebansa, yana mayar da ƙusar inda take.