Jinin da Na Ce Ya Lalace

Shekarar da aka buɗe gari bayan kullen korona, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ɗakin gwaji a Bompai, mutum mai tsabta a aiki amma mai saurin baki. Wani likita yana binciken ko sinadaran jima suna taɓa ƙwayoyin halittar majeman da ke aiki a masana'antun fata na Challawa. Aikina in tace jini, a shafa a wani ɗan gilashi mai dubban ɗigogi, na'ura ta auna hasken kowane ɗigo.

Majeman sun zo tare bayan tashi daga aiki, na tace jininsu rana guda da tsohon ruwan gwaji, bayan firiza ta yini babu wuta. Na manoman da za a kwatanta da su sai bayan sati uku, da sabon kwalin ruwan gwaji. Na rubuta wannan duka da ajami a littafina, kamar yadda na saba tun makarantar allo, ban faɗa wa kowa ba. Da sakamako ya fito, ɓangarorin biyu suka bambanta ƙwarai. A cikin majeman akwai wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci. Ya tambaye ni sakamakonsa, ni kuwa duk da ba hurumina ba ne, na ce masa jininsa ya lalace.

Bayan shekara wata ƙwararriya ta tambayi ranakun da aka tace jinin. Na buɗe littafin na karanta mata. Ta ce ba jinin mutane muka auna ba, ranakun aikina muka auna. Aka sake gwajin a gauraye, na majema da na manoma rana guda da ruwan gwaji ɗaya, yawancin bambancin ya ɓace.

Na je gidan dattijon na gaya masa kuskure na yi. Sai ya ba ni labarin ƙaninsa da tirela ta buge a Dakata. An nemi jini, nasa ya dace, ya ƙi bayarwa don kada ya zuba masa guba. Kafin a samu wani, rai ya yi halinsa. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe saboda Allah, amma in raka shi asibiti ya ba wani jini. Na zauna gefensa har leda ta cika.

Masu aiki irin nawa, ku ji tsoron Allah. Na'ura ba ta san ranar da firiza ta mutu ba, ku ne kuka sani. Ku gauraya gwaji, ku rubuta inda kowa zai karanta, kuma ku riƙe bakinku.