Ludayin Maman Joshua

In ka tambayi tsofaffin Gyaɗi-Gyaɗi wa ya fi kowa iya kunun gyaɗa, kafin ka rufe baki za su ce maka Hannatu, wato Maman Joshua. 'Yar Kagoro ce, aure ya kawo ta Kano, kunu ya zaunar da ita. Kullum da safe takan girke ƙatuwar tukunyarta a bakin titin asibitin koyarwa, masu jinya su yi layi da filas-filas ɗinsu. Kaurin kunun nan kuwa, in ka tsayar da ludayi a ciki sai ya yi shawara kafin ya kwanta.

To, a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, mijinta Saje Elisha ma ya tuɓe kaki ya dawo gida. Mutum ne da bai iya zama ba. Shi ne hura wuta, shi ne gadin tukunya in ta shiga shirin fita.

Ba a jima ba kunu ya soma tsinkewa. A gida a sauke shi kirtif, kafin a sayar da rabi ya zama tsululu. Hannatu ta sake shinkafa, ta sake mai gyaɗa a kasuwar Tarauni, ta rage tsamiya, duk a banza. Asabe mai ƙosai, maƙwabciyarta a bakin titi, ta ce, "Wallahi baki ne, Maman Joshua. Kin cika ciniki, ido ya yi miki yawa." Layi ya yi ta raguwa, har wata mai jinya ta ce mata ita kunu ta zo saya, ba ruwan wankin ƙwarya ba. A ranar, Hannatu ko abinci ba ta iya ci ba, don sunanta ne ke tsinkewa.

Wata safiya Ummukulsum, wata nas da ke haya kusa da su, ta biyo gida da filas ɗinta don tana sauri. Ta tarar an sauke kunu ya ɗan huce, Saje na tsaye a kansa. Ya ɗebo da ludayi, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya mayar da sauran ciki ya gauraya. Ya sake.

"Baba, kullum haka kake yi?"

"Tun da na dawo, 'yata. Ba a kai wa runduna abinci babba bai ɗanɗana ba."

Ummukulsum ta dafe bango tana dariya. "Mama, fito ki ga mai bakin da ya kama miki kunu!"

Ta bayyana musu cewa yawu ba ruwa ne kawai ba. Akwai sinadari a cikinsa da ke fara narkar da irin su shinkafa da gero tun a baki, kafin su isa ciki. In ya sami kunun da ya huce, ba ruwansa da cewa tukunya ce, aikinsa zai kama.

Saje ya tsuke fuska. "Ni da ba na fashin asuwaki?"

"Ai ba ƙazanta na ce ba, Baba. Yawun ne ma ke wanke haƙora. Da ka ga marasa lafiyarmu masu bushewar baki, loma ɗaya sai da ruwa. Naka lafiyayye ne, shi ya sa."

Hannatu ba ta yarda da faɗa kawai ba. Washegari ta hana shi tukunya, ta zuba kofi biyu, ta sa ya lashi cokali ya juya ɗaya. Kafin ta gama ɗaura ɗankwali, kunun kofinsa ya saki, ɗayan na nan daram.

Ta miƙa hannu. "Baban Joshua, kawo ludayin nan. Ba ka ji a rediyo ba? Mulki ya dawo hannun farar hula."

Ta ware masa kofinsa na silba, kunu ya koma kaurinsa, layi ya dawo har kusa da kaskon Asabe. Shi kuwa Saje, maimakon kunya, sai abin ya zame masa abin taƙama. Duk wanda ya zauna da shi a gindin darbejiya sai ya ji labarin yadda yawunsa shi kaɗai ya karya tukunya guda.